Dutsen Niƙan Kaka Shulan

Ƙarfe uku na dare, zakara bai ko gyara murya ba,
kakata Shulan ta riga ta tsoma hannu a randa.
Waken soyan da ya kwana a ruwa ya kumbura,
kowace ƙwaya ta ninka kanta kamar bashin da aka manta.

Ni ne mai juya dutse.
Ita ke zubawa a ramin sama,
wake ludayi guda, ruwa ludayi biyu,
fari na tsiyaya ta leɓen dutse
sai ka ce dutsen ake tatsa.

"Saniyar talaka ke nan," in ji ta,
"ba ta kiwo, ba ta harbi,
kafaɗarka kawai take ci."

A garinmu, bakin kogin Huwai,
ana labarin wani ɗa, tun zamanin da,
uwarsa ta tsufa, haƙora sun yi ƙaura,
ga son wake, ga baki ya gaza.
Ya niƙa, ya tace, ya dafa, ya miƙa.
Kaka ta ce ba ta nan, ba za ta rantse ba,
amma ko wane ne ya fara, tausayin wani yake ji.

A matse a ƙyalle har wuyan hannu ya yi tsami.
Dusar ta kaji ce.
A kan wuta kuwa madarar nan maƙaryaciya ce,
ta yi kumfa ta ce ta nuna, alhali da saura.
Wanda ya yarda da tafasar farko
shi da ciwon ciki har la'asar.

Gari na wayewa layi ya miƙe.
Guwo mai keken haya, gishiri da albasa yake so,
'yan makaranta sai sukari.
Malama Tan, wadda nonon saniya ke murɗa wa ciki,
ta tsoma dogon fanke har ya yi laushi,
ta shanye a tsaye, ta bar kuɗi a gefen murhu.
Ragowar a sa mata ruwan tsami,
kafin hantsi ta zama awara.
Yanar da ta taru a sama, Kaka ta ɗago da tsinke:
wannan ladan mai juyi ne.

Yanzu ina Shanghai, hawa na goma sha tara.
A kwali nake saye, mai sanyi,
ba ƙaurin itace, ba yana.

Bara na je gida. Kawu ya sayar da dutsen.
Na same shi a lambun wani otal,
an dasa fure a raminsa,
baƙi na jingina da shi suna hoto.
Ban san lokacin da na kama icen ba.
Mai gadi ya ce, "Ba a taɓawa."
Na saki, ban ce uffan ba.
Har na kai tasha
kafaɗata ta dama tana juyi.