Ƙiftawar Hagu

A shataletalen da ke gab da Kasuwar Dole
na danna kilinyoto zuwa hagu,
sai fitilar birki ta kama rawa,
ta dama ma ta lumshe ido kamar mai gyangyaɗi.
Ɗan kabu-kabu ya sha da ƙyar,
ya bar mini zagin da ya kai har kan kakata.

Fijo ce, kat-san-kat, fara,
ta girme ni da shekara tara.
Ita kaɗai Baba ya ƙi sayarwa
sa'ad da gyaɗa ta daina ciyar da Damagaram.

Na lallaɓa ta Garin Malam, gindin bedi,
inda Usta Kiyari ke zaune kan mataccen batir.
Bai tashi ba. Ya ce, "Kunna in ji."
Tak-tak-tak-tak,
sauri kamar zuciyar wanda mai bashi ya yi wa sallama.
Ya ce, "Ba ta mutu ba. Ruɗewa ta yi."

Ya kwance ampul, ya ɗaga wa rana,
zaren cikinta lafiya lau.
Ya buɗe gidan fizibil, ya yi dariya har da tari:
takardar azurfa ta kwalin taba
an naɗe ta tsaf a gurbin na uku.
"Aikin Tanimun ne. Na hana shi tun kana goye."
Ni kuwa ban taɓa sanin Baba na shan taba ba.

Ya sa sabo. Ruɗewa na nan.
Ya ciro santaral, ƴar gwangwani kamar ta tumatir,
ya girgiza ta a kunne, ya mayar.
"Kowa ita yake zargi,
don ita ce mai baki."

Shayin farko ya zo da ɗacinsa.
Yaronsa Lawali ya miƙo ƙusa
da waya da ƙwan fitila ɗaya,
duk kayan binciken ke nan.
Usta ya shige ƙarƙashin but,
ƙafafunsa kaɗai ke waje, da faso a dugadugai.
Nan da wuta. Nan ma da wuta.
An kira la'asar, muka je muka dawo,
shayi na biyu ya huce a kan tayar sukur.

Can sai muryarsa ta fito daga ciki:
"Mas ne."
Wani ɗan kusoshi bayan fitilar hagu,
tsatsa ta cinye shi ja wur kamar dutsen Birni,
baƙar wayar na lilo da gashi biyu.

Ya ce, "Wuta ba zuwa kaɗai take ba.
Sai ta koma batir ta jikin ƙarfe.
In hanyar gida ta toshe
sai ta faɗa ɗakin maƙwabta,
ta kunna abin da ba a aike ta ba."

Bai dube ni ba da ya faɗi haka.
Wataƙila bai san shekara sha ɗaya na yi a Sabha ba,
bai san an kwana arba'in da rufe Baba
kafin in sauka a tasha ba.
Wataƙila kuma ya sani. Zinder ba ta da faɗi.

Ya kankare da sanfefa har ƙarfe ya yi haske,
ya shafa giris, ya ɗaure tamau.
Tak. Tak. Tak.
A hankali, kamar tafiyar dattijo zuwa masallaci.

Jika biyu ya ce, na ba shi uku, ya maido ɗaya.
Takardar tabar na cikin aljihuna.

A kwanar gidanmu na danna hagu, ta ƙifta hagu,
amma sai na tarar hannuna a waje ta taga,
tafin a buɗe, yana nuna hanya,
yadda Baba yake yi
duk shekarun da bai yarda da fitilar ba.