Amsa-kuwwa a Ƙarƙashin Ƙafa

Ran Talata Lamela ya kawo ta a kan acaɓa,
amfilifaya baƙa, kusurwa ɗaya a fashe,
ya rungumo ta kamar akuyar da ta ƙi cin dusa.
Na ce ajiye nan, kusa da fankokin da suka mutu.
Shagona a Jekadafari taku huɗu ne da rabi,
rabin na rediyoyin da masu su suka manta.

Ya ce ba ta lalace ba.
Na ce to me ya kawo ka?
Ya jona jita, ya ja tsirkiya guda.
Sautin ya fita, ya je, ya dawo,
ya sake dawowa a gajiye
kamar sallama a cikin rijiya.
Ya ce, wannan. Ina son sa, amma ba kullum ba.
Hannuna biyu na kan jita,
kafin in sunkuya in murɗa maɓalli
baiti ya wuce ni.

Ƙanwarsa Keziya ke rera musu a Billiri,
murya siririya kamar zaren tela.
In amsa-kuwwa na kunne, jitar kan haɗiye ta.
In ta ja numfashi kuwa, yana son ɗakin ya buɗe,
dutsen garinsu ya shigo ya amsa
yadda yake amsa musu suna yara wajen kiwo.

Na kwance bayanta. Kusoshi shida, ɗaya ba nata ba.
Gawar kyankyaso, da kwabo mai huji.
Can ƙasa ɗan akwatin kwano,
cikinsa sifirin biyu a miƙe suna makyarkyata.
Ashe duk dutsen nan, duk kogon nan,
ƙarfe biyu ne ke rawa a cikin duhu.

Aikin ba wuya. Ka kama wayar da ke fitowa,
ka buɗe mata hanya zuwa ƙasa.
A taka, amo ya zube. A sake takawa, ya tashi.
Makunnin ne babu.
Na Tsohuwar Kasuwa, taku uku sai jana'iza.
Sai Bappa Jalo bakanike ya tono mini
na wata tsohuwar Bedfod,
wanda direba ke takawa ya rage hasken fitila
in ya yi kiciɓis da ɗan'uwansa a hanyar Dukku.

Wuta ta ɗauke, ba mu yi mamaki ba.
Na gasa ƙarfen dalma a murhun mai shayi,
na yi wa makunnin gida da gwangwanin kifi,
na manna masa robar taya kada ya zame.
Da magariba wuta ta dawo, muka kunna:
guuu, sai ka ce amya ta fashe.
Laifina ne, waya tsirara na sa.
Na sake da mai riga. Shiru ya zauna.

Lamela ya cire takalmi, ban san dalili ba.
Ya kaɗa. Ya taka, ƙyas,
jitar ta tsaya a gabanmu, busasshiya, kusa,
kamar mutum yana gaya maka gaskiya.
Ya taka kuma, bangon shagona ya ja da baya
har mai shayi ya leƙo da ludayi a hannu.

Na ce dubu huɗu. Ya ce uku, da addu'a.
Na karɓi duka biyun.

Da dare na koma gida.
Shekara biyu ke nan da muka kai Dudu makwancinta,
amma in na tura ƙyaure
har yanzu wani abu a ɗakin yakan ce, ka dawo?
ya je, ya dawo, ya sake dawowa a gajiye.
Na zauna bakin gado ina kwance agogo,
sai na ga ƙafata tana laluben daɓe.
Na janye ta.
Ko da na samu, ba zan taka ba.