Maimakon, Ko Tare Da

A layin masu ciwon suga, Asibitin Murtala,
Inna Tasalla ta riƙe kati a dama,
a hagu wani ƙullin leda ta cusa a mayafi
kamar mai ɓoyon kuɗin adashi.

Likita Badariyya ta hango.
"Inna, me ke cikin ledar?"
"Ba komai, 'yar nan. Garahuni ne,
sai ɗan sassaƙen maɗaci
na wajen Ɗan'azumi, can cikin Kurmi,
rumfa ta uku bayan masu kwalli."

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.
Faɗa bai zo ba.
Ta kwance ƙullin, ta shinshina, ta ce,
"Tambayata ɗaya ce:
kina sha maimakon ƙwayarmu,
ko tare da ita?"

Inna ta dube ni, ni da na yi boko.
Na dubi silin.

"Miya tare da tuwo," in ji likita, "an ci abinci.
Miya maimakon tuwo kuwa,
yunwa ce mai ƙamshin daddawa."

Sai Ɗanlami mai shayin Gwammaja ya faɗo mini.
Wata mota mai lasifika ta tsaya a Ƙofar Wambai,
kwalba ɗaya, cuta casa'in da tara.
Ya watsa ƙwayoyinsa a kwata, ya ce ya huta da Nasara.
Ƙaramin gyambo ne a ɗan yatsa.
Yanzu sanda ke kai shi masallaci,
takalmi ɗaya yake cirewa a ƙofa.

Likita ta ja biro.
A fayil, ƙarƙashin doguwar kalmar Turanci,
ta rubuta garahuni, da baƙaƙensa cif.
"Wannan ki rage, mu riƙa awo,
kar su haɗu su kayar miki da suga.
Maɗacin a jingine shi
sai mun ji ta bakin ƙoda.
Ɗaci ba shaida ba ne."

A cikin adaidaita, wajen Ƙofar Mata,
Inna ta yi shiru har muka wuce marina.
Can ta ce, "Shi Ɗan'azumi
sai ya tambayi jikokina ɗaya bayan ɗaya
kafin ya auna mini komai.
Ƙwaya ba ta gaisuwa."

Na ce haka ne.

Ta gyara ƙullin a kan cinya,
yanzu a fili, kusa da katin.
"Amma yarinyar nan," ta ce,
"ka ga fa ta shinshina."