Gwiwar Hannun Goggo

Ranar da na ɗora tankin a bayan ɗaki
rabin unguwarmu a Harbo ta zo kallo.
Kuɗin riɗin bara ne, da na bunsuru ɗaya.
Faranti biyu a kan kwano suna shan rana,
bututu ya biyo katanga har makewayi.
Na ce da Hansatu:
ke da hayaƙin ɗanyen itace kun yi sallama.

Wata shida yana cika alkawari.
Sai da ta haihu, a ƙarshen damina,
sannan ya fito da halinsa.

Asubar kwana na uku
ta shiga da reshen darbejiya a hannu,
ta murɗa famfo,
ruwa ya zubo kamar daga gindin randa.
Na ji haƙoranta daga inda nake alwala.
Da la'asar kuwa, famfon nan dai,
ya feso abin da zai fige kaza.
Har yau akwai tabo a bayan hannunta
kamar ƙwandala.

Abin da ya fi ci mini rai
ɗan allon da ke goshin tankin.
Sittin yake nunawa.
Da sanyi sittin, da ƙuna sittin,
kamar mai bashi da ya haddace amsa ɗaya.

Na zargi hadari. Na zargi batir.
Na hau tsani na goge faranti da tsohuwar rigata.
Na zargi yaron maƙwabta mai yawan taɓe-taɓe,
Allah ya yafe mini.

Goggo Tasalla ba ta zargi kowa ba.
Ta mirgino duwatsu uku daga bayan rumbu,
ta fito da tukunyar da na ce a kyautar,
ta aiki Ɗanlami aron itace.
Ba ta ce mini uffan ba,
sai dai ta hura wutar daidai ƙofar ɗakina.

Ɗan'azumi ya zo daga Jahun a babur,
laka har gwiwa.
Ya kashe wuta, ya kwance murfi,
ya zaro wani ɗan ƙarfe
da bai kai ƙaramin yatsana ba,
fari fat, kamar an tsoma shi a kanwa.
Ya ce, Malam, wannan ne harshen tankin,
da shi yake ɗanɗana zafi.
Ruwan burtsatsenku ya ɗinka masa riga,
yanzu ba ya jin komai, zato kawai yake yi.
Ya kankare shi da bakin wuƙa, ya mayar.
Kwana ɗaya ya faɗi gaskiya,
washegari ya koma sittin.
Sabo kuwa sai Kano, sai an ba direba saƙo.

Kwana tara muna jiran direba.
A kwanakin nan na iya faskare,
na san nauyin bokiti tsakanin murhu da makewayi.
Na kuma ga yadda ake sirka ruwan jaririya:
Goggo ta naɗe hannun riga,
ta tsoma gwiwar hannu, ta lumshe ido,
ta ce ƙaro ƙoƙo ɗaya.
Ɗaya ɗin ne kuwa.
Ummulkhairi ta miƙe ƙafafu a cikin baho
ba ta ko yamutsa fuska ba.

An kawo sabon a ƙunshe cikin jarida.
Yanzu allo na hawa yana sauka,
arba'in da biyu, hamsin da ɗaya,
ruwa kuma bai ƙaryata shi ba.
Na kira Goggo ta gani.
Ta dubi lambar, ta ce madalla,
ta naɗe hannun riga.

Ta koma garinsu bayan arba'in.
Duwatsun na nan, ban ɗauke ba.
Jiya Hansatu ta leƙo ta same ni
durƙushe gaban baho,
hannun rigata a naɗe.