Shafin da Na Bari Fari

Daren jiya bayan lisha, a hasken tocila,
na buɗe kaye na tsara gobe:
ƙarfe takwas, ƙirga da murafen kwalba;
tara, ja da kore da shuɗi;
goma, kunu.
Har layi na ja a ƙasa
kamar wadda ta gama yaɓen rumbu.

Sai Allah ya yi ruwa da asuba.

Tawa ta tashi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.
Uwar Assumana ta sauke shi daga kabu-kabu,
asibiti na jiranta.
Ta Kuluwa ta wuce kasuwa da albasa a ka.
Su bakwai ne yau a tsakar gidana.
Na shimfiɗa tabarma, na zube murafe,
na ce, “Ɗaya.”
Ba wanda ya ce biyu.

Suna can gindin bedi a tsugune,
kai da kai kamar ƴan dara.
Ashe tururuwa ce ruwa ya ci wa gida,
ta fito da ƙwai a baki tana ƙaura.

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba.
Kwana uku ina tsintar murafen nan a bakin tasha,
ina wanke su da omo, ina shanyawa.
Na ɗaga hannu zan tafa,
sai Kuluwa ta ce, “Inna Barira,
ruwa ya tare masu hanya.”
Hannuna ya sauka da kansa.

Ta ɗora karan gero, ya yi gajere.
Nomau ya kawo ludayina, ya kife.
Aka yi gardama, har da ɗan kuka,
harshena na ƙaiƙayi, amsa na bakina,
na haɗiye ta da ƙyar kamar maganin zazzaɓi.

Illa kuwa,
wanda ubansa ya tafi Abijan tun damanar bara,
wanda wata biyu ban samu komai gare shi ba
sai gyaɗa kai,
ya miƙe ya nufi tabarmata,
ya cika rigarsa da murafe,
ya jera su cikin ruwan, ɗaya bayan ɗaya,
ya ɗora karan bisa.
“Gada,” in ji shi.
Muryarsa ashe da kauri.

Ta farko ta hau, ta tsaya, ta shinshina, ta ƙetare.
Ihu! Har akuyar maƙwabta ta amsa.
Ga ƙirgan da na roƙa da safe aka hana ni:
bakwai, takwas, tara,
Assumana ya tsallake sha biyu,
Kuluwa ta ja shi baya da wuyan riga.
Kunu ya huce a ƙwarya, ba wanda ya waiwaye shi.

Kakata takan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Allah ya jiƙan ta, ba ta faɗa mini ba
cewa iccen ya riga ni sanin inda rana take.

Da la'asar uwar Illa ta dubi laka a gwiwarsa,
ta ce, “Me ya koya yau?”
Na ce, “Gada ya gina.”
Ta yi dariyar gajiya, ta goya shi.
Ina jin su har kwanar masallaci,
shi ke magana.

Yanzu ga ni da kaye kuma.
Na rubuta: a kau da fasasshen tulu,
a rufe randa,
a dake bakin gwangwanin tumatir kar ya yanki yatsa,
a roƙo tsohuwar taya wurin mai faci,
laka, kara, ruwa rabin ƙwarya.
Ban sa ƙarfe ko ɗaya ba sai na kunu.
Sauran shafin na bar shi fari.

Gobe wataƙila tururuwa ta gama ƙaura.
Amma Kuluwa, tana saka takalmi, ta tambaye ni
ina inuwa take kwana.
Ban sani ba.
Na dai ajiye alli a bakin taga,
na kashe tocila don batir ya kai gobe.