Jakadan Ludayi

A Yamai, unguwar Filato, bayan dogon yaro biyu,
akwai ƙofa mai jar fitila.
Can nake yankan albasa tun azahar,
ni Gwamma, 'yar Tawa,
wuƙa ɗaya, ido biyu, dukansu a jiƙe.

Madam Wilai ba ta kai kafaɗata ba,
amma in ta girgiza kasko, wuta na rusuna mata.
Turminta na dutse bai fi ƙoƙo ba.
Tafarnuwa, barkono, madarar kwakwa,
wata ciyawa mai ƙamshin lemun tsami,
da ruwan kifi a kwalba
wanda na toshe wa hanci ranar farko.
Ta yi shiru, ta bar ni,
har ranar da ta kwance ƙullin daddawata
ta ja da baya taku uku.
Muka yi canjaras.

A bango akwai takarda cikin gilashi, da hatimi.
Kullum sai ta goge ta kafin ta goge tebur.
Na tambaya.
Da Faransancinta mai ɗingishi ta ce
ƙasarta ce ta ɗaura mata ɗamara:
aka koya mata aiki, aka ranta mata jari,
aka ce je ki, ki ciyar da baƙon ido.
Wanda ya lashi miyarmu
zai laluba sunanmu a taswira,
gobe ya sayi shinkafarmu,
jibi ya hau jirgi ya zo ganin gida.

Na ce ashe!
Wasu na tura jakada da kwat da tuta a hancin mota,
waɗannan sun turo ludayi.

Na koma kan albasata.
Ta Galmi ce, ja, mai sa ƙato kuka.
Tana shiga kasko 'yar gida,
ta fita faranti da sunan Tailan a bakinta.
Manyan ma'aikata na sharce gumi suna yabo,
ba mai tambayar wa ya yi ban ruwa.

Sai na tuna Tankari, ƙanena,
shekara tara yana gashin nama a Abijan.
Ba wanda ya aike shi
sai daminar da ta yi gardama.
Ba shi da gilashi a bango, ba shi ma da bangon.
Takardarsa ta buhun siminti ce, yana naɗe tsire a ciki.
Unguwa guda ta san hannunsa,
ko mutum ɗaya bai san garinsa ba.

Wani dare aka ɗauke wuta, inji ya ƙi tashi,
baƙi suka watse.
Muka zauna a dakalin baya, sauro na kai gaisuwa.
Na buɗe kwanona: dambu da zogale, ƙuli-ƙuli a kai.
Ta ɗiba da cokali.
Ta aje cokalin, ta sa hannu.
Ta ce me sunansa?
Na faɗa, ta rubuta a tafinta
da baƙaƙensu masu kama da ƙugiyoyi da zobba.

Na ce sa shi a takardar abinci mana.
Ta dubi bango, inda hatimin ke kwana a duhu.
Ta ce wannan ɗakin alkawari ne, ɗanɗanon gida kawai.
Ban ji haushi ba. Na ɗan ji.

Da za ta tafi ganin tsohuwarta
na cika mata gwangwanin madara da yaji,
na ƙulla busasshen zogale, na haɗa da cuku uku.
Ba biza, ba rance, ba wasiƙar minista.
Ni ce gwamnatinsu.
Babban yatsana da man gyaɗa a jiki
na danna a kan murfin.
Hatimi ke nan, na ce.
Ku je, ku gaishe su,
in sun tambaya ku ce daga Adar.