Lissafin Mai Gyaran Rediyo

A Ƙofar Guga nake da shago,
tebur guda, da benci mai ɗingishi,
rediyon mutane jibge har rufi,
wasu masu su sun rasu ba su dawo karɓa ba.
Daga nan na bi zaɓen fid da gwani tun farkon tafiya.

Wata bakwai ke nan jam'iyya na ƙirga wakilai,
jiha bayan jiha, kamar mai awon gero da tiya.
Na gaba ya yi gaba, an ce zance ya ƙare.
Gide na can yana jan ƙafa,
tazararsu ta fi ta nan da Jibiya.

Ɗanjummai mai shayi ya leƙo ya ce:
"Malam Isiya, mutuminka ya haƙura mana.
Kuɗin mai yake ƙonawa, da kuɗin fosta,
ga jam'iyya na tsagewa kamar tsohuwar ƙwarya."

Ban tanka ba, ina liƙin waya da dalma.
Sai da hayaƙin ya lafa na ce:
"Da an tashi wasan nan tun wata na biyu,
da na gaba bai tako unguwarmu ba,
sai dai hotonsa manne a gindin bishiya."

Ka tuna daren da Gide ya zo?
Motar haya, murya a dishe, hula ta sha zufa.
Ya tsaya wajen famfon da ya shekara uku bai ɗiga ba,
ya tare Sallau mai kura,
ya ce, "Nawa jarka yau?"
Ya rubuta a bayan ambulan, ya tafi da tambaya.

Bayan mako, a cikin wata rediyo da nake gyara,
wadda cikinta ke buɗe a kan cinyata,
na ji an jefa wa na gaba wannan tambayar.
Ya yi tari. Ya nemi a maimaita.
Ni da ke gyaran murya shekara talatin
na san ƙarar waya mai tsinkewa,
na kuma san ta mutumin da bai taɓa sayen ruwa ba a duniya.

Kafin sabon wata sai ga shi da kansa,
ya haddace farashin taki, ya haddace na jarka,
har ya san sunan famfon.
Wa ya tura shi makaranta?
Wanda kuke cewa ya koma gida ya kwanta lafiya.

Ban ce Gide waliyyi ba ne.
Mulki yake so, kamar kowa a cikinsu,
kuma ko a jiharmu ya sha ƙasa.
Daren nan ban ci tuwo ba.
Amma da safe na ji shi, muryar ta ƙara dishewa:
"Saura jihohi tara ba a tambaye su ba.
Ba ni zan amsa musu ba, ba kuma zan rufe musu hanya."

An ce na baya sai labari.
To, labarin na baya ne ke hana na gaba gyangyaɗi.
Dawar da ke jinkirin nuna a gona
ita ke kai gida har bazara,
ɗanyen kasko kuwa, kowa ya san inda yake kai ruwa.
Gara ya sha wuta a gida,
kafin babban zaɓe ya ɗora shi a kan wuya.

Yau za a faɗi sakamakon ƙarshe.
Na san lissafin, yarona ya zana shi a jikin kwali,
ko tara ɗin duka suka zo, da ƙyar.
An ɗauke wuta tun la'asar,
na ciro batir daga rediyon wani mamaci.
Ga Ɗanjummai nan da kofi biyu,
ya zauna a gefen bencin da ke ɗingishi,
ya ce, "Ƙara murya, Isiya."